Kalma da Abin da Take Ɗaurewa: Tambayoyi da Amsoshi kan Harshe, Addini da Siyasa a Bauchi da Gombe

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan tasowa a ajin nazarin harshe, a ɗakin labarai na gidajen rediyo, da wajen masu yi wa kotu ko asibiti tafinta. An ɗauko misalan daga Bauchi da Gombe domin yanki ne da harsuna masu yawa ke zaune a inuwar Hausa ɗaya. A irin wannan wuri ne mutum biyu kan faɗi kalma guda, su rabu kowa yana ganin an fahimce shi, alhali kowa da abin da ya ɗauka ya tafi da shi gida.

Ana cewa kuɗi da sarauta da iyakar jiha duk "ginin al'umma" ne. Wato ƙarya ne ke nan?

A'a. Ginin al'umma shi ne abin da ba ya tsayuwa sai jama'a sun yarda da shi tare, amma da zarar sun yarda, yana da ƙarfin da zai hana mutum cin tuwon dare. Dutsen Bima yana nan ko an raɗa masa suna ko ba a raɗa ba, haka kogin Gongola. Iyakar da ta raba Bauchi da Gombe kuwa babu ita kafin 1 ga Oktoba 1996. Sanarwa ce ta haife ta, ga shi yau ita ke yanke wa mutum gwamnan da zai zaɓa da jihar da zai rubuta a takardar neman aiki.

Wanda ya shiga kasuwa a farkon 2023 ya ga abin da idonsa. Babban Bankin Nijeriya ya fito da sababbin takardun naira 200 da 500 da 1000, ya sa wa tsofaffin wa'adin 31 ga Janairu, sannan aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Mai tumatir a kasuwar Muda Lawal, wanda jiya ya karɓi tsohuwar dubu ɗaya da hannu biyu, yau sai ya juya ta, ya girgiza kai, ya miƙo maka abarka. Takardar ba ta yage ba, rubutun jikinta bai goge ba. Abin da ya fice daga jikinta shi ne tabbacin cewa dillalin da zai saro wa kaya gobe zai karɓa. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin kuɗin na nan daram, amma kasuwa ba ta saki jiki ba sai da Babban Bankin ya fito ya faɗa da bakinsa.

John Searle, masanin falsafa ɗan Amurka, ya taƙaita abin a 1995 da cewa abu kaza ana ɗaukarsa a matsayin kaza a wuri kaza. Duwatsun murhu uku ke nan: abin da ido ke gani (takarda, rawani, sa hannu), matsayin da aka ɗora masa, da jama'ar da ta amince. A cire ɗaya, tukunya ta kife. Kalmar takan daɗe bayan ginin ya rushe. Har yau akwai masu kiran naira 200 da "jaka", domin jaka fam 100 ce, kuma da aka canja kuɗi a 1973 fam ɗaya ya zama naira 2.

Ta yaya magana kawai za ta ƙulla abin da babu shi?

A je wajen ɗaurin aure a ƙofar gida da hantsin Asabar. An shimfiɗa tabarmi, ga goro da alawa a faranti. Wakilin ango ya matso ya ce yana nema wa wane auren wance. Waliyyin amarya ya ce ya ba shi, a kan sadaki kaza, lakadan. Wakili ya ce ya karɓa masa. Liman ya tambayi jama'a ko sun shaida, aka amsa, aka shafa fatiha, maroƙi ya ɗaga murya. Duka-duka bai wuce minti biyar ba. Amarya tana cikin gida, wataƙila ko jin abin da aka faɗa ba ta yi ba, amma gado ya shiga tsakaninta da wani mutum, mahaifiyarta ta haramta gare shi har abada.

J. L. Austin, masanin falsafa ɗan Ingila, ya yi suna a shekarun 1950 da bayanin cewa wasu maganganu ba labari suke bayarwa ba, aiki suke yi. Malaman fiƙihu sun riga shi da ƙarnoni, har sun jera inda abin ke lalacewa. Siga ba ta aiki sai daga bakin mai iko da ita: kawun da ba a wakilta ba, in ya ce "na bayar", bai ba da komai ba. Sai da shaidu biyu adilai. Sai da sadaki, wanda a mazhabar Malikiyya mafi ƙarancinsa rubu'in dinari ne, wato zinariya giram ɗaya da ɗan ɗoriya.

A wajen saki ne aka fi shan wahala. "Na sake ki" lafazi ne bayyananne, yana aukuwa ko da wasa aka faɗe shi. "Tafi gidanku" kuwa kinaya ce ɓoyayya, alƙali sai ya tambayi niyya. Matsalar ita ce littattafan da alƙali ya karanta da Larabci suka kawo misalansu, maigida kuma da Hausa ko Fulatanci ya yi fushinsa, wani lokaci ta saƙon waya. Don haka shawarar da ake ba ma'aurata ita ce a kai wa malami ainihin kalmomin da aka furta, da harshen da aka furta su, kada a kai masa fassara ko taƙaitawa.

Wannan ba wata hanya ba ce ta cewa addini ƙirƙirar mutane ne?

Akwai masana zamantakewa da suka tafi a kan haka, kuma ba a ɓoye suke faɗa ba. Amma nazarin harshe ba shi da ma'aunin da zai auna wahayi. Abin da yake iya aunawa shi ne yadda mutane ke karɓar saƙon, da kalmomin da suke zuba shi a ciki, kuma malaman usulul fiƙhi da kansu suka buɗe wannan ƙofa. Sun ce kalma tana da ma'ana ta asalin harshe, da ta shari'a, da ta al'ada. Salla a asalin Larabci addu'a ce, shari'a ta mayar da ita ibada mai ruku'u da sujada. Azumi a asali kamewa ne, shi ya sa a suratu Maryam aka kira kame baki daga magana da wannan suna. Wanda ya cakuɗa ma'anonin uku zai karanta aya daidai, ya fassara ta a karkace.

Shi ya sa fassarar da Sheikh Abubakar Mahmud Gumi ya yi, wadda ta fito a 1979, aka kira ta tarjamar ma'anonin Alƙur'ani. Kuma shi ya sa tafsirin azumi yake da mutum biyu: mai jan baƙi yana karanto nassi yadda yake, malam yana warware shi da Hausa. Masu sauraron Rediyon Kaduna da suka ji tafsirin Sheikh Gumi da na Sheikh Ɗahiru Usman Bauchi sun san cewa baƙin ɗaya ne, inda aka rabu shi ne kalmomi irin su waliyyi, bidi'a da tawassuli, da iyakar da kowane ɓangare ya shata musu. Ƙungiyar Izala, da aka kafa a Jos a 1978, a cikin sunanta ma ta sa kalmar da ake jayayya a kanta, wato bidi'a.

Amfanin wannan rarrabewa a aikace shi ne gane abin da addini ya wajabta da abin da gari ya ɗora. Sadaki wajibi ne. Lefe da kayan na-gani-ina-so da gara al'ada ce. An sha fasa aure a kan akwati, ba a kan sadaki ba.

Gaskiya ne harshen mutum shi ke yanke masa abin da zai iya tunani?

Wannan ra'ayi ana jingina shi ga masanin harshe Edward Sapir da ɗalibinsa Benjamin Lee Whorf. Mai tsananinsa, wato abin da harshenka ba shi da kalmarsa ba za ka iya tunaninsa ba, masana sun yi watsi da shi. Hausa tana da fari da baƙi da ja, da kore da shuɗi, wasu launukan kuma sai ta ce ruwan ɗorawa, ruwan toka, ruwan goro. Babu telan da wannan ya hana bambance zare.

Mai sauƙinsa shi ne ya tsaya da ƙafarsa: harshe yana tilasta maka lura da wasu abubuwa, yana ƙyale ka ka tsallake wasu. Bahaushe ba ya iya cewa "ya zo" ko "ta zo" sai ya san namiji ne ko mace. Bafulatani da "o" ɗaya yake gamawa da su duka. Sai kuma a juya: Fulatanci yana da "mu" iri biyu, "en" wanda ya haɗa da wanda ake yi wa magana, da "min" wanda ya fitar da shi. Hausa "mu" ɗaya gare ta. Ɗan takarar da ya hau mumbari a Billiri ko Dass ya ce "lokacinmu ne", bai faɗi ko su wa ke ciki ba, kuma sau da yawa da gangan ne. Da Fulatanci dole ya zaɓa. Tafintan da ke juya masa jawabi shi ke yanke wannan hukunci a cikin daƙiƙa ɗaya, ba tare da kowa ya lura ba.

Ga wani misali da ke da sakamako a gini. Mun saba cewa mai salla ya "fuskanci gabas". Daga Bauchi ko Gombe, alƙibla tana kusan digiri 65 ne daga arewa, wato ta karkata daga gabas sak zuwa arewa da kusan digiri 25. Magini da ya bi kalmar, ya saita mihrabi da mafitar rana, zai kauce, musamman a watannin sanyi da rana ke fitowa ta kudu maso gabas. A sa kamfas ko manhajar waya kafin a haƙa tushe, a kuma nisanta ta da ƙarfen rodi lokacin aunawa.

Musulmi da Kirista a nan duk da Hausa suke ibada da wa'azi. Wannan bai isa ya kawo fahimta ba?

Yana taimakawa, yana kuma ruɗarwa. Tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, Hausa ta zama harshen coci a yawancin Arewa. A majami'un ECWA da COCIN na Kaltungo ko Bogoro za ka ji Allah, Ubangiji, annabi, mala'ika, zunubi, tuba, addu'a, azumi, albarka. Baƙon da ya tsaya a bakin taga zai ɗauka wa'azin masallaci yake ji.

Amma kayan da ke cikin buhun sun bambanta. Sujada a masallaci sa goshi a ƙasa ne, a coci kuwa dukan taron ibadar Lahadi ne. Zakka a wajen Musulmi kashi ɗaya cikin 40 ne na dukiyar da ta kai nisabi ta shekara, a bakin Kirista mai jin Hausa kuwa ushiri ce, ɗaya cikin 10 na abin da ya samu. Azumin Musulmi daga alfijir ne zuwa faɗuwar rana a wata sananne, na Kirista yana da siffofi dabam-dabam. Ruhu Mai Tsarki a coci ɗaya ne daga cikin Triniti, Ruhul Ƙudusi a tafsiri kuwa Mala'ika Jibrilu ne. Mai shirya zaman sulhu ko muhawara a rediyo ya kamata ya ware minti goma na farko, kowane ɓangare ya faɗi abin da yake nufi da kalmomi huɗu ko biyar da za a fi juyawa. In ba a yi haka ba, za a shafe awa guda ana musu a kan abin da ba a ma saɓa ba, a tsallake inda saɓanin yake na gaskiya.

Suna ma ba ya nuna addini yadda baƙi ke zato. Dauda, Ishaku, Yakubu, Saratu, Ɗanladi, Talatu duk ana samunsu ta kowane ɓangare.

Mene ne laifin cewa wani "yana jin yare" ko "ɗan ƙabila ne"?

A ilimin harshe babu wani ma'auni da ya sa Hausa ta zama harshe, Tangale ko Waja ko Jarawa su zama yare. Kowannensu yana da nahawunsa cikakke. Tangale da Bolanci da Tera da Warji ma 'yan gida ɗaya ne da Hausa, dangin harsunan Cadi. Rabon "harshe" da "yare" rabon iko ne: wanda ake kasuwa da mulki da shi, da wanda aka bar wa tsakar gida. Haka "ƙabila". Hausawa ƙabila ce, Fulani ƙabila ce, amma a bakin titi "ƙabilu" ya koma nufin waɗanda ba su ba. Mai faɗa sau da yawa ba ya nufin cin fuska. Mai ji kuwa ya ji an ajiye shi a bakin ƙofa.

Yawancin sunayen da muka sani maƙwabta ne suka raɗa. Waɗanda ake kira Sayawa suna kiran kansu Zaar. Terawa suna kiran kansu Nyimatli. "Haɓe" kalmar Fulatanci ce ta waɗanda ba Fulani ba. "Arne" kuwa ba sunan kowace al'umma ba ne, kuma kiran Kirista da shi kuskure ne ko a ma'aunin fiƙihu, inda Ahlul Kitabi ke da hukuncinsu dabam. Ƙa'idar aiki ga ɗan jarida da malamin makaranta mai sauƙi ce: a kira mutane da sunan da suke kiran kansu, in ana tsoron mai sauraro ba zai gane ba a haɗa da sanannen sau ɗaya a farko.

Abin yana da tsada. Yaron da aka yi wa dariya a makaranta don yana "yare" yakan daina, in ya girma kuma ba ya koya wa 'ya'yansa. Harshen Ajawa na ƙasar Bauchi haka ya ɓace tsakanin 1920 da 1940, masu shi suka koma Hausa. Matakan kusan kullum iri ɗaya ne: kakanni suna yi, iyaye suna ji suna mayarwa da Hausa, jikoki sun san gaisuwa da zagi kawai. Kada a manta wanda ya kafa masarautar Bauchi, Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Bageri ne, kuma Geranci na cikin harsunan da Hausa ke haɗiyewa a yau.

Da gaske kalmar boko daga Turanci ta fito?

A'a, duk da yawan faɗar haka. Paul Newman, wanda ya shafe shekaru yana nazarin Hausa, ya nuna a 2013 cewa kalmar Hausa ce tun asali, mai nufin abin bogi ko na yaudara, kamar amaryar boko da ake sakawa a madadin ta gaskiya. Da Turawa suka kawo makarantarsu da baƙaƙensu, sai aka laƙaba musu sunan, wato karatun da ba na ƙwarai ba. Hukunci ne aka yanke a cikin kalma ɗaya, kuma mun fi shekara 100 muna aika yara makarantar da sunanta ke cewa jabu ce.

Irin wannan ruɗani ya faɗa wa ajami. Rubutun da ke jikin naira 200 da 500 da 1000 Hausa ce da haruffan Larabci, adadin kuɗin kawai ya faɗa. An cire shi daga ƙananan takardu a 2007, daga naira 100 kuma a 2014, aka yi ta cacar baki kamar aya aka goge ko aka rubuta. Masu son a bar shi da masu son a cire shi duk sun ɗauki haruffa a matsayin addini.

Kalmomin siyasarmu daga ina suka zo, kuma me suke ɓoyewa?

Hawa uku ne, kamar ginin da aka yi ta ɗora wa bene. Na ƙasa sarauta ce, kuma da yawanta daga Barno aka aro: Galadima, Ciroma, Yarima, Kacalla, har da "Mai" da ke gaban Mai Tangale da Mai Kaltungo. Na tsakiya Larabci ne: mulki, hukuma, adalci, zalunci, amana, majalisa, waziri, alƙali. Na sama Turanci: gwamna, sanata, ciyaman, kansila, dimokuraɗiyya. Ɗan siyasa yana hawa da sauka yadda ya ga dama. In yana neman ƙuri'a sai ya sauko hawa na biyu, ya ce amana ce, za a tambaye shi gobe ƙiyama. In ya hau kujera sai ya koma na ƙasa, a yi masa kirari, a faɗi a yi gaisuwa. In aka tambaye shi lissafin kuɗi sai ya haye na sama, inda talaka ba ya iya binsa.

Wasu kalmomin suna riƙe da tarihinsu. 'Yanci daga "ɗa" yake, kishiyar bawa, don haka "'yancin kai" a 1960 ya sauka a kunnen mutane da nauyin da kalmar Turancin ba ta da shi. Ƙuri'a a asali jefawa ce don a ga wanda rabo zai faɗa wa, abin da ya fi kusa da sa'a fiye da zaɓi. Siyasa kanta a tsohuwar Hausa lallashi ce da iya tafiyar da mutane, yau kuwa "siyasa ce kawai" na nufin kada ka yarda.

Bauchi tana da hannu a wannan ƙira. A farkon shekarun 1940 Sa'adu Zungur da Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa suna cikin zauren tattaunawar da aka kafa a garin, inda aka fara yi wa hukumar gargajiya tambayoyi a fili. Waƙar Sa'adu Zungur da ta tambayi ko Arewa za ta zama jumhuriya ko mulukiya ta ɗauko kalmomin biyu daga Larabci ta sa su a bakin masu jin Hausa. Daga nan kowace jam'iyya ta nemi kalma ɗaya ta riƙe: NEPU da sawaba, NPC da salama, a jamhuriya ta biyu NPN da aminci, PRP da nasara, sai APC da canji a 2015. Duk kalmomi ne da ba mai iya cewa ba ya so, kuma ba wadda ta faɗi abin da za a yi da kasafin kuɗi.

A lura da "romon dimokuraɗiyya". Romo abin da mai nama ke zuba maka ne don alheri. Rijiyar burtsatse da aka haƙa da kuɗin jama'a haƙƙi ce, kiranta romo yana mayar da mai haƙƙi maroƙi. Haka matasan da ake kira 'yan sara-suka a Bauchi ko 'yan kalare a Gombe: kafin zaɓe "matasanmu" ne, bayan zaɓe "ɓata-gari".

Wane ne ɗan asali, wane ne baƙo?

Tsarin mulkin 1999 ya hana nuna bambanci saboda asali ko addini a sashe na 42, amma sashe na 147 ya ce a naɗa minista daga kowace jiha wanda yake ɗan asalinta, sashe na 14 kuma ya kawo rabon muƙamai tsakanin sassan ƙasa. Bai shimfiɗa wa ƙananan hukumomi ma'aunin tantancewa dalla-dalla ba. A aikace mai unguwa da dagaci da hakimi ke shaida, ƙaramar hukuma ta ba da takarda. Nan ne abin ke karkacewa: iyali biyu da suka zo gari a shekara ɗaya, ɗaya ya saje ta harshe da addini da auratayya ya samu, ɗayan jikokinsa na nan a matsayin baƙi. Garin Gombe na yanzu ma sai a 1919 ya zama hedikwatar masarauta, yawancin zuriyar da ke cikinsa daga wani wuri kakanninsu suka taso. Tambayar da takardar ke amsawa a zahiri ita ce wa ya riga wa, kuma daga wace shekara aka fara ƙirga.

Me ya sa gardamar "sekula" ba ta ƙarewa?

Domin ba a kan kalma ɗaya ake yin ta ba. Kalmar ba ta cikin tsarin mulkin 1999. Sashe na 10 cewa ya yi gwamnatin tarayya ko ta jiha ba za ta ɗauki wani addini ya zama na gwamnati ba, kuma kundin nan dai shi ya tanadi kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a ga jihar da ke so. In aka fassara sekula da "ba ruwan gwamnati da addini", Musulmi ya ji an ce a ajiye Allah a gefe. Kirista a Tafawa Ɓalewa ko Kaltungo kuwa abin da yake nufi da ita shi ne kada a mulke shi da dokar addinin da ba nasa ba. Tun zaman majalisar tsara kundin mulki na 1978, har zuwa fara aiki da shari'a a Bauchi a 2001, ana jefa wa juna kalmar ba a zauna an warware ta ba. Mai fassara ya fi kyau ya faɗi abin da sashen ya ce, ya bar laƙabin.

Mai isar da saƙon lafiya ko na hukuma da Hausa, ta ina zai fara?

Ya rubuta shi da Hausa tun farko. Saƙon da aka tsara da Turanci aka juya yakan fito da ƙafafuwa a sama. Sannan ya gwada shi a kan mutum takwas zuwa goma da ba irin juna ba: matar aure a cikin gida, ɗan acaɓa, liman, fasto, tsohuwar da Hausa ba harshenta na farko ba ce. Kada ya tambaye su ko sun gane, kowa zai ce e don kunya. Ya ce su maimaita masa da bakinsu, abin da suka faɗa shi ne ainihin saƙon da ya aika.

Ya yi hattara da kalmomi masu ɗauke da kaya. "Ƙayyade iyali" ya gamu da turjiya domin ya yi kama da sa wa kyautar Allah iyaka, "tazarar haihuwa" kuwa ta shiga, domin ta dace da shayarwar shekara biyu da kowa ya sani. Ya kula da sunayen cuta masu faɗi: "sanyi" yana iya zama ciwon gaɓoɓi ko cutar da ake ɗauka ta saduwa, "shawara" da "basir" kowanne ya rufe cututtuka da dama, sai an bi da tambayar ina ne ke ciwo, tun yaushe.

Adadi ma harshe ne. "Kashi 20 cikin 100" ya zama mutum ɗaya cikin biyar. "Sau uku a rana" mutane kan haɗa shi da cin abinci, su shanye maganin tsakanin hantsi da isha, alhali in tazarar awa takwas ake nufi sai a ce ƙarfe 6 na safe, 2 na rana, 10 na dare. "Cokali ɗaya" ba awo ba ne: na shayi mililita 5 ne, babban kuwa ya kai 15, ninki uku ke nan a cikin jaririn da aka ba.

Ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ da ake bari a waya, tana da wani muhimmanci?

A hira tsakanin abokai mahallin magana yakan cece ka. A takardar kotu, sanarwa ko rubutun addini kuwa ba ya ceto kullum. Baki da baƙi, kafa da ƙafa, kasa da ƙasa, bari da ɓari duk kalmomi ne dabam. Mai rubuta "dan Allah" yana nufin roƙo, in wata manhaja ta gyara masa ta sa ƙugiya a kan d, ya faɗi maganar da malamai da fastoci suka daɗe suna muhawara a kanta.

Karin harshen Bauchi yana ƙara nasa. Da yawa a nan ba sa rarrabe namiji da mace a ɗafin mallaka, sai a ji "motan Audu", "rigan Ladi". A baki ba matsala, domin karin sauti yana bambance mace ɗaya da mata da yawa. A rubuce kuwa "matan marigayi" na iya zama mace ɗaya a wajen magatakardan da ya tashi a Bauchi, ya zama biyu ko huɗu a wajen wanda zai karanta a Kano. A takardar rabon gado a rubuta adadi da lamba, a jera sunayen.